Namiji ne ko mace? Abin da ke faruwa a mahaifa kafin a haifi mata-maza

A cikin kowace haihuwa 4,500 zuwa 5,500 ana samun jariri ɗaya da ungozoma za ta duba gabansa, ta sake dubawa, ta rasa abin da za ta faɗa wa matan da ke jira a tsakar gida. A ƙasar Kabi tambayar farko ba ta wuce "mi anka samu?", amsarta kuma biyu ce tak. Daga ranar an fara ƙidayar kwana bakwai: ga rago za a saya, ga goro za a raba, ga liman yana jiran sunan da zai raɗa. Wannan gaggawa ce ke sa a yanke hukunci da ido, a ce ai ya fi kama da na maza ko ya fi kama da na mata, a rufe maganar. Ido kuwa shi ne shaida mafi rauni a nan, domin abin da ake gani a waje mataki ne na ƙarshe a wani dogon aiki, kuma tangarɗar tana iya aukuwa a kowane mataki. Abin da muke haɗawa mu kira mata-maza yanayi ne iri-iri. Wani ba ya buƙatar komai sai bayani da haƙuri. Wani yana iya kashe jariri kafin ya cika wata ɗaya.

Ƙwayar halittar jikin mutum a ƙa'ida tana ɗauke da kuromosom 46, wato zaren da ke riƙe da abin da mutum ya gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Biyu daga ciki su ne na jinsi. Ƙwan uwa kullum X yake bayarwa, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y (masu yi wa mace gorin haihuwar 'ya'ya mata su riƙe wannan). XX galibi mace ce, XY galibi namiji ne. Amma har ciki ya kai mako shida ba abin da ya raba ɗan tayin namiji da na mace. Kowanne yana da ƙullutu biyu a kusa da ƙoda, ba su zama 'ya'yan maraina ba, ba su zama gidan ƙwai ba. Kowanne yana da bututu iri biyu, ɗaya zai iya zama mahaifa da hanyoyin ƙwai da saman farji, ɗayan zai iya zama hanyar maniyyi. A waje kuma ɗan tsiro ne guda, da tsaga a ƙarƙashinsa, da ninkin fata dama da hagu.

A jikin Y akwai wata 'yar ƙwayar gado mai suna SRY, wadda masu bincike a Landan suka gano a 1990. Wajen mako na bakwai take fara aiki, ta juya ƙullutun nan su zama 'ya'yan maraina. Su kuma sai su shiga fitar da sinadarai biyu. Na farko, AMH, shi ke narkar da bututun da zai zama mahaifa. Na biyu, testostaron, shi ke raya hanyar maniyyi. Sai dai testostaron kaɗai bai isa ya gina gaban namiji na waje ba. Dole a cikin fatar wurin a sarrafa shi ya koma wani sinadari da ya fi shi ƙarfi, DHT. Shi ne ke tsawaita tsiron ya zama azzakari, ya rufe tsagar har hanyar fitsari ta kai can baki, ya haɗe fatar dama da hagu ta zama jakar maraina. Layin nan da ke tsakiyar jakar marainan kowane namiji, nan ne aka haɗe. Duk wannan tsakanin mako na 8 da na 13 ake yinsa. Kuma ko sinadaran sun wadata, sai ƙwayoyin jiki suna da makarɓar da za ta amshe su, in ba haka ba sun tashi a banza.

Idan wannan saƙo bai zo ba, tsiron ya tsaya ɗan tsaka, tsagar ta zauna a buɗe, fatar gefe ta zama leɓɓan farji, mahaifa ta ginu. Wani masanin Faransa, Alfred Jost, ya nuna haka a 1947: ya cire ƙullutun jinsi daga 'yan tayin zomo tun suna ciki, sai duk suka fito da siffar mace, har waɗanda asalinsu maza ne. Daga baya an gano cewa gidan ƙwai ma yana da nasa ƙwayoyin gado da ke gina shi, su kuma danne hanyar maraina, ba zaman jira kawai yake yi ba.

Yanayin da ya kamata kowace ungozoma da kowane ma'aikacin asibitin karkara su sani ba a al'aura ma matsalarsa take ba, a saman ƙoda take. Akwai wani ɗan ƙullutu a kan kowace ƙoda, adirinal, wanda ke haɗa sinadarai uku daga abu ɗaya: kotizol da ke riƙe jiki lokacin ciwo da wahala, aldostaron da ke hana gishiri zubewa a fitsari, da kuma ɗan sinadarin maza kaɗan, wanda mace ma tana da shi. A yanayin da likitoci ke kira CAH, sinadarin da ke kammala haɗa kotizol da aldostaron ne ya samu naƙasu. Ƙwaƙwalwa ta ga kotizol ya yi ƙasa, sai ta yi ta aika umarni a ƙara aiki. Duk wanda ya yi ban ruwa a fadamar Argungu ya san abin da ke biyo baya: ka toshe hanya ɗaya alhali inji yana ta turo ruwa, ruwan ba zai koma rijiya ba, ɓallewa zai yi ya cika fangalin da ba a nufa ba. Fangalin nan shi ne sinadarin maza.

To idan ɗan tayin mace ce, XX, cikinta lafiya lau yake ginuwa. Tana da gidan ƙwai, tana da mahaifa, domin babu maraina da za su fitar da AMH. Amma a waje sinadarin maza ya yi aikinsa. Ɗan tsaka ya yi girma, leɓɓa sun haɗe kaɗan ko da yawa. A wasu har sai ta fito kamar namiji sak, da hanyar fitsari a bakin tsiron, illa dai jakar ba komai a cikinta. Shi ya sa likitocin yara ke da ƙa'ida: jaririn da ya yi kama da namiji amma aka laluba ba a ji ɗan maraina ko ɗaya ba, dama da hagu, a ɗauke shi a matsayin mai CAH har sai gwaji ya kore. Wannan shi ne dalili mafi yawa na rikitaccen gaba a jarirai masu XX, kuma mai tsananinsa yana samun kusan haihuwa ɗaya cikin 15,000 a duniya.

Uku cikin huɗu na waɗannan jarirai suna zubar da gishiri. Kwanakin farko ba a ganin komai, jariri yana kama nono, ana ta barka. A mako na biyu zuwa na uku, wato daidai lokacin da aka watse daga suna mai jego ta fara samun kanta, sai ya fara ƙin nono. Amai ya biyo baya. Jiki ya saki, nauyi ya ragu, maɗiga ta faɗa, idanu suka zurma. A cikin jini gishiri ya yi ƙasa, sinadarin fotasiyam ya hau, shi kuwa in ya yi yawa zuciya yake tsayarwa. A gida za a ce iska ce ko nonon uwa ne ba kyau, a ƙaramin asibiti kuma a ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga jini. Abin takaici, jariri namiji mai CAH ya fi shiga haɗari, domin gabansa daidai yake, ba abin da zai ja hankalin kowa. Rikitaccen gaban jaririya, da ake ɓoyewa don kunya, shi ne ke iya ceton ranta. A ƙasashe da dama ana ɗiban ɗigon jini a diddigen kowane jariri don neman wannan ciwo. Mu nan ba a yi wa kowa, sai wanda likita ya yi zargi.

Maganin ba wani abin al'ajabi ba ne: ƙwayar haidirokotizon a madadin kotizol, fuludirokotizon a madadin aldostaron, da ɗan gishiri da likita zai auna wa jariri. Amma shan na har abada ne, kuma duk ranar da zazzaɓi ya kama yaro sai an ninka, wanda a ƙasar da sauro bai bar kowa ba abu ne da iyaye za su haddace. Yarinyar da ta samu magani da wuri tana balaga a kan lokaci, ta yi al'ada, ta yi aure, tana iya haihuwa. Wanda bai zubar da gishiri ba kuma ba a gano shi ba, labarinsa daban ne. Gashin gaba ya fito tun yana shekara huɗu ko biyar, ya fi sa'o'insa tsawo ana ta yaba girmansa, sai ƙasusuwa su rufe da wuri, ya ƙare gajere.

Akwai kishiyar wannan. Jaririya XY, tana da 'ya'yan maraina a ciki ko a matsematsi, suna fitar da testostaron yadda ya kamata, amma makarɓar jikinta ba ta amsa shi sam. Sai a haife ta mace cikakkiya a waje, ba wanda zai yi tantama. Maraina sun fitar da AMH, saboda haka babu mahaifa, farji kuma gajere ne, a toshe daga sama. Da balaga ta zo jiki ya juya wani ɓangare na testostaron ya zama sinadarin mata, nono ya fito sosai, fata ta yi sumul ba ƙuraje, gashin hammata da na gaba ƙalilan ne ko babu. Al'ada ce kawai ba ta zuwa. Wani lokaci tun tana ƙarama ake ganewa, a kai ta aikin ƙaba a matsematsi, likita ya buɗe ya tarar da ɗan maraina. Ana samun wannan a kusan biyu zuwa biyar cikin 100,000 na masu XY, kuma kusan dukansu mata suke jin kansu, mata suke rayuwa. Idan makarɓar tana ɗan aiki, gaban yana iya fitowa ko'ina tsakanin siffofin biyu.

A nan nake son a tsaya, domin a nan al'ada ke yin ɓarna. Amarya ba ta taɓa ganin jini ba, ango kuma ya ce ba hanya. Tsofaffi suka taru suka ce gishiri ne, aka kira wanzami ya yanka. Bayan bangon gaba na farji mafitsara ce, aska kuwa ba ta gani. Yankan gishiri yana cikin sanannun dalilan yoyon fitsari, ciwon da cibiyar Gesse a Birnin Kebbi take fama da masu shi. Yarinyar tana iya zama mai wannan yanayi da na bayyana, tana kuma iya zama XX mai lafiyayyen gidan ƙwai wadda mahaifarta ce kawai ba ta ginu ba, abin da ke samun mace ɗaya cikin kusan 4,500. A duka biyun, gajeren farji yakan buɗe a hankali da wasu na'urori masu girma daki-daki da likitan mata ke koya wa mace amfani da su, ba tare da an zubar da jini ba.

Yanayi na uku ya fi ba mutane mamaki. XY ne, maraina lafiya, makarɓa lafiya, sinadarin da ke juya testostaron zuwa DHT ne babu. A ciki namiji ne, a waje kuma an haife shi da siffar mace ko kusa da haka, sai a sa masa sunan mace. Da ya kai shekara 12 ko 13 testostaron ya yi yawan da zai iya aiki da kansa: murya ta buɗe, ƙirji ya faɗaɗa, tsiron ya girma, maraina suka sauko, nono bai fito ba. Wata likita, Julianne Imperato-McGinley, ta bayyana wannan a 1974 bayan bincike a wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika inda abin ya yawaita a dangi. Fiye da rabin waɗanda aka rena a matsayin mata sukan koma rayuwar maza bayan balaga. Irin wannan ne ke yawo a gari a matsayin labarin yarinyar da ta rikiɗe ta zama namiji dare ɗaya, har a jingina wa aljanu. Ba rikiɗa aka yi ba, aikin da aka fasa a mako na goma ne ya ɗan ƙarasa bayan shekaru.

Sauran a taƙaice. Mace mai X ɗaya kacal, yanayin Turner, ɗaya cikin kusan 2,500: gajarta, rashin balaga, wani lokaci matsalar zuciya. Namiji mai XXY, yanayin Klinefelter, ɗaya cikin kusan 600: dogo, ƙananan maraina, galibi sai wajen neman haihuwa ake ganewa. Waɗannan biyun gabansu ba ya rikitar da kowa. Akwai mace XY wadda ƙullutunta ba su zama komai ba, tana da mahaifa amma ba ta balaga sai da magani, kuma ƙullutun nata suna da haɗarin zama daji, shi ya sa ake cire su. Sai wanda ke da naman maraina da na gidan ƙwai a jiki ɗaya. Shi ne mafi ƙaranci, ko da yake an fi samunsa a kudancin Afirka, kuma yawancinsu XX ne. Idan an rene shi namiji, da balaga nono yana iya fitowa, jinin al'ada ya riƙa biyo fitsari duk wata. A garuruwan bakin ruwa irin su Yawuri yaro ya yi fitsarin jini ba labari ba ne, kowa tsargiya zai ce. Amma tsargiya ba ta bin wata. Zancen da ake yi na mutum mai cikakken gaban namiji da cikakken na mace, duka suna aiki, bai dace da yadda ake ginin ba, tunda tsiro ɗaya ne ke zama ko wannan ko wancan.

Saboda wannan bambanci ne alƙaluman da ake gani a intanet suke karo da juna. Wata masaniyar halittu, Anne Fausto-Sterling, ta ce a shekarar 2000 mata-maza sun kai kashi 1.7 cikin ɗari na mutane, amma mafi yawan adadin nata masu CAH ne mai sauƙi wanda ke bayyana daga baya ba tare da rikita gaba ba. Wani likita, Leonard Sax, ya ƙirga waɗanda siffarsu ta saɓa wa kuromosom ko ta kasa rarrabuwa kawai, ya samu kashi 0.018 cikin ɗari a 2002. Kowa da abin da ya ƙirga.

Wanda ya fi duk waɗannan yawa shi ne yaron da ƙofar fitsarinsa ta buɗe a ƙasan azzakari maimakon baki, ɗaya cikin maza 200 zuwa 300. Rufewar tsagar ce ba ta ƙarasa ba. Ana gane shi da loɓa da ta taru a sama kamar hula, ƙasa kuma babu. Irin wannan yaro kada a yi masa kaciya, ko a asibiti ko wurin wanzami, domin da wannan fatar likita ke gyara hanyar. Idan kuma ƙofar ta yi ƙasa sosai, ga ɗan maraina bai sauko ba, to bincike ya wuce na hanyar fitsari kawai.

CAH da rashin DHT ana gadonsu ne yadda ake gadon sikila: uwa da uba kowanne yana ɗauke da ƙwaya ɗaya ba tare da ciwo ba, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar masu ɗauke da ita su haɗu. Gidan da aka rasa jariri ɗaya ko biyu a watan farko da amai da bushewa, wannan tarihi ne da ya kamata likita ya ji. Matsalar makarɓa kuwa a jikin X take, ta wajen uwa take bi, shi ya sa ake tambaya ko akwai wata inna da ba ta taɓa al'ada ba. Babu ɗaya a ciki da ke zuwa saboda abin da mai ciki ta tsallaka ko ta kalla. Kuma duk wannan magana ce ta ginin jiki, ba ta da haɗi da ɗan daudu, wanda jikinsa na namiji ne ba rikici.

Malamanmu ba baƙin mas'alar ba ne. Duk wanda ya sauke Muhtasar na Halil a zaurukan Gwandu ko Jega ya san da hukuncin hunsa, wato mata-maza, littafin ya ƙare. A duba ta inda yake fitsari, in ta biyu ne a duba wanda ya riga ko ya fi yawa, sannan a jira gemu ko nono ko haila ko maniyyi. Wanda ya kasa rarrabuwa a ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace a gado. Abin da ya burge ni a ciki shi ne sun yarda a jira har balaga, ba su ɗaure kansu da kwana bakwai ba. Sai dai alamomin waje suna iya yaudara: yarinya mai CAH tana iya fitsari ta bakin tsiro alhali da mahaifarta. A 1989 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta a yi wa hunsa magani ko tiyata don kawar da ruɗani bisa abin da ya rinjaya a jikinsa, wanda ke nufin sai an san abin da ke ciki tukuna.

Sanin kuwa da tsari yake. Farko gwajin gishirin jini da sukari, a maimaita shi cikin makonni biyun farko, domin na ranar haihuwa yakan fito daidai. Sai hoton ciki a ga ko akwai mahaifa. Waɗannan ana samunsu a manyan asibitoci irin na tarayya da na Sir Yahaya a Birnin Kebbi, daga nan a tura mutum asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato in da buƙata. Gwajin sinadaran adirinal da na kuromosom su ne masu tsada, sau da yawa sai an aika jinin nesa.

Tiyata ita ce inda likitocin duniya kansu ba su daidaita ba. Daga shekarun 1950 an saba gyara gaban jariri da wuri a ɓoye masa labarin. Da yaran suka girma, da yawa suka fito suna kukan an rage musu jin daɗi, ko an zaɓa musu jinsin da ba nasu ba. Taron masana a Shikago a 2005 ya kawo sabon tsari na yin taka-tsantsan da haɗa likitoci daban-daban a kan yaro ɗaya. Malta ta hana irin wannan tiyata ga yaron da bai kai ya amince ba a 2015, Jamus ta taƙaita ta a 2021. A ganina abin da ke barazana ga rai ko ƙoda, kamar toshewar fitsari ko ƙullutu mai haɗarin daji, ba a jira da shi. Abin da kuma don idon mutane ne kawai, jinkiri ya fi, musamman a inda son ɗa namiji ke iya sa uba ya matsa a mayar masa da 'yarsa mai mahaifa namiji. Kusan kashi 95 cikin ɗari na masu CAH da XX da aka rena mata, mata suke jin kansu in sun girma.

Mas'ala mafi wuya ita ce wadda aka fi gani a asibitocinmu, inda ake zuwa a makare: yaro ɗan shekara 12, sunansa na maza, an yi masa kaciya, yana sahun maza a masallaci, hoto ya nuna mahaifa. A irin wannan likitoci ba sa juya shi don kuromosom ya ce XX. Ana fara masa maganin adirinal don lafiyarsa, a zauna da shi a ji yadda yake ɗaukar kansa, kuma da yawa daga waɗanda aka gano a wannan shekaru maza suke ci gaba da zama.